Igiya Ta Taɓa Shi: Gyara Ga Aikin Ɗaliban Bincike A Sashen Gaggawa

Kafin in shiga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, ya kamata in nemi gafarar malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, domin na san wani zai buɗe wannan mujalla ya ce, "Me ya haɗa ɗalibin Hausa da asibiti, in ba shi ne ba shi da lafiya ba?" Tambayar tana kan hanya. Amma ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri har ya ji abin da idona ya gani a hutun da ya wuce, sa'an nan ya yanke hukunci ko shisshigi na yi ko kuwa gonarmu ce muka bari ciyawa ta cinye.

Akwai wata al'ada a makarantun koyon aikin likita, wadda ta yi ƙarfi a Amurka da Ingila, mu ma kuma muna da irinta gwargwadon hali. Idan dogon hutu ya zo, sai a ɗauki ɗalibai a ajiye su a sashen da ake karɓar masu haɗari da ciwon gaggawa, wanda mutanenmu ke kira emajensi. Ba a ajiye su don su yi magani ba, tun da ba su kai ba tukuna. Aikinsu shi ne su taya wani malami bincike: su tambayi majiyyaci ko danginsa, su nemi yardarsa, su cike takardar tambayoyi, su rubuta lokacin da ciwo ya fara da lokacin da aka iso da abin da aka yi kafin a iso. Daga irin waɗannan takardu ne ake tara alƙaluman da hukuma ke dubawa ta ce ga cutar da ta fi damun jama'a, ga inda za a kai magani. Watau dai aiki ne ƙarami a ido, amma abin da aka gina a kansa babba ne. To, ra'ayina a taƙaice shi ne, a ƙasar Hausa wannan aiki yana ɗingishi, kuma ƙafar da ke ciwo ita ce harshe.

Ni mutumin Kurmin Kogi ne, a ƙasar Ikara. A tsakiyar daminar bara, bayan sallar isha'i, kawuna ya fita duba awakinsa a bayan gida, sai wani abu ya sare shi a ƙafa. Aka ɗaure masa ƙafar da ƙyalle, aka ɗora shi a babur, daga baya aka sami mota, muka isa wani babban asibiti da ba sai na ambaci sunansa ba, dare ya raba. Ma'aikatan jinya sun yi abin da ya kamata, Allah ya saka musu. Da gari ya waye, sai ga wata ɗaliba da farar riga da takardu a hannu, mai ladabi ƙwarai, Bahaushiya ce ma, amma tashin birni. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, me ya same ka?" Matarsa ta amsa ta ce, "Igiya ce ta taɓa shi." Na leƙa takardar, sai na ga yarinyar nan ta kai alƙalami wajen layin da aka tanada don rauni na kayan aiki. Ba ta san cewa mutanen karkara ba sa son kiran sunan maciji, musamman abin da ya faru da dare, sai su ce igiya, ko igiyar ƙasa, ko abin ƙasa. Da na gaya mata, ta yi dariya ta gyara. Amma na tambayi kaina, takardu nawa aka cike a wurin da babu wani ɗan ƙauye mai karambani a tsaye?

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ta ce masa, "Baba, yaya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi, 'yata, alhamdu lillahi." Alhali ƙafar nan ta kumbura har gwiwa, kuma ni na kwana ina jin nishinsa. Duk wanda ya tashi a cikin Hausawa ya san "da sauƙi" ba rahoton ciwo ba ne, addu'a ce da ladabi. Mutum yana kan gargara ma abin da zai ce ke nan. Sai ta zo kan ma'aunin nan da likitoci ke amfani da shi, ta ce ya faɗi ƙarfin ciwon daga sifiri zuwa 10. Tsoho ya dube ta ya dube ni, ya ce, "Yarinya, ciwo ai ba buhun masara ba ne da za a ƙirga." Daga ƙarshe ta fito da takardar neman yarda, shafi uku cikin Ingilishi, ta ce bincike ake yi, in ya yarda ya dangwala yatsa. Nan fa kawu ya janye hannunsa ya sa a ƙarƙashin mayafi. Ya ce da ni a hankali, "Kai ɗan nan, me na yi da za a bincike ni? Kuma dangwalen da na yi na ƙarshe na takin zamani ne, har yau ban ga takin ba." Ta rubuta cewa ya ƙi, ta yi mana sallama, ta wuce gado na gaba.

Kawu bai ƙi ba. Bai fahimci abin da aka tambaye shi ba ne. A kunnen manomi, "bincike" aikin ɗan sanda ne da ɗan kwastan, "gwaji" kuwa abin da ake yi wa sabon iri ne a ga ko zai yi ko zai mutu. Dangwale kuma na zaɓe ne da bashi. Duk kalmomi ukun da aka zo masa da su suna ɗauke da wari, kuma babu wanda ya koya wa ɗalibar nan haka, domin ba ya cikin littattafanta.

Kada wani ya ɗauka tsoron nan na jahilci ne kawai. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Labarin ya shiga kowane lungu, kuma yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa ambatawa sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya da Nijeriya ta fitar a 2007 sun wajabta a nemi yardar mutum bayan an fahimtar da shi. To, fahimtarwa da wane harshe? Yardar da aka samu daga wanda bai gane ba, ai ba yarda ba ce, sa hannu ne kurum. Kuma ƙin da aka rubuta wa wanda bai gane ba, shi ma ƙarya ce ta shiga lissafi.

Bari in ɗan daɗe a kan kalmomin ciwo, domin nan ne namu fagen. Bahaushe ba ya cewa "ciwo" ya yi shiru. Akwai zogi, akwai raɗaɗi, akwai suka, akwai sara, akwai murɗa, akwai ƙuna. Kai yana sarawa, ciki yana murɗawa, ƙirji yana suka, miki yana zogi, ƙunar wuta tana raɗaɗi. Kowace kalma tana nuna wa likita wata hanya dabam, in har an kai masa ita yadda take. Wanda ya ce zuciyarsa tana tashi, amai yake ji, ba ciwon zuciya yake nufi ba. In tafinta ya juya maganar kalma da kalma, an tura likita daji. Wanda ya ce yana da shawara, idonsa ne ya yi ɗorawa. "Sanyi" a bakin tsoho ciwon gaɓoɓi ne, a bakin saurayi kuwa sau da yawa wani abu ne da kunya ta hana shi faɗi. Mace ba za ta ce tana da ciki a gaban surukinta ba, sai dai a ce ta yi ɓatan wata, ko tana da juna biyu, ko ma a yi shiru. In ka tambaye ta 'ya'yanta nawa, mai yiwuwa ta tsallake ɗan fari don alkunya. Lokaci ma haka: takarda tana son a rubuta ƙarfe kaza da minti kaza, mai jinya kuwa abin da ya sani shi ne "da hantsi", ko "bayan la'asar sakaliya", ko "da asalatu". Duk waɗannan ana iya mayar da su awoyi ba tare da kuskure mai yawa ba, amma sai wanda ya san su.

Akwai kuma amsar da takardun nan ba sa yi wa gurbi, watau "ban sani ba". Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi, ya rubuta wata maƙala a 1981 inda ya nuna cewa sau da yawa mutane ba su san sanadin ciwonsu ba, ba su kuma damu su sani ba, kuma wannan rashin sanin shi kansa abin lura ne ga mai bincike. Ɗalibin da aka ce kada ya bar layi ba a cike ba, zai matsa wa tsohuwa har ta faɗi wani abu don ta rabu da shi, shi kuwa ya rubuta.

Yanzu sai gyara. Abu na farko da nake kira a yi shi ne a haɗa ɗalibin likita da ɗalibin Hausa su zama abokan aiki, biyu-biyu, tun daga ranar da za a tsara takardar tambayoyi, ba sai an gama an kawo mana mu fassara ba. Fassarar da aka yi a ofis daban take da tambayar da aka gwada a bakin mutane. A ba su mako biyu kafin su shiga asibiti. Mu a koya mana riƙon sirri, da wankin hannu, da inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa, da alamomin da in an gani ake ajiye alƙalami a kira likita da gudu. Su kuma mu koya musu gaisuwa da sakaya zance da sunayen cututtuka yadda ake kiransu a karkara. Takardar neman yarda a mayar da ita magana gajeriya da za a faɗa da baki, a gaban shaida, a fara da gaya wa mutum cewa ko ya yarda ko bai yarda ba maganinsa ba zai canja ba. Wannan ba alfarma ba ce, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin duba mai neman taimakon gaggawa bisa kowane dalili. A kuma buga ta da ajami ban da boko. Kawuna ba ya karanta boko, amma da an miƙa masa ajami da ya karanta da kansa, kuma da hannun nan bai shiga ƙarƙashin mayafi ba.

Abu na biyu ya shafi wuri da lokaci. Turawa sun sa wannan aiki a lokacin zafinsu domin shi ne hutunsu. Mu dogon hutunmu, in yajin aiki bai birkita kalanda ba kamar yadda na wata takwas ya yi a 2022, yana faɗawa ne cikin damina, kuma wannan sa'a ce da ba mu amfana da ita. Damina ce lokacin saran maciji, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kawo yara suna jijjiga jini ya ƙare, lokacin da samari ke goya tankin feshi ba safa ba takunkumi su dawo suna amai da zubar da yawu. Amma waɗannan mutane ba Shika suke fara zuwa ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na Shika a 2005, yana ganin wanda ya sami kuɗin mota ne kuma ya kai da rai. Wanda ke son ya san abin da ke kashe manomi, sai ya zauna a asibitin Ikara, da na Maƙarfi, da na Hunƙuyi a ƙasar Kudan. A ganina rabin lokacin aikin ya kamata a yi shi a irin waɗannan wurare. Ga makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi, ɗalibanta da yawa 'yan yankin ne, sun san hanya sun san mutane. Me zai hana a sa su cikin tafiyar? Kuma a riƙa kwana, domin wanda ya zo da ƙarfe tara na safe ya tashi da azahar bai ga sashen gaggawa ba, ya ga ɗakin jira ne kawai.

Wani zai ce ƙaramin asibiti ba shi da kayan bincike. Ina tuna masa cewa a farkon shekarun 1970 David Warrell yana koyarwa a Zariya, shi da abokan aikinsa suka yi nazarin waɗanda maciji ya sara a Zariya da Kaltungo da wasu wurare. A rahotonsu na 1977 a kan kububuwa aka bayyana gwajin nan da ake yi har yau a ƙasashe da yawa: a ɗebi jinin wanda aka sara a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, a karkata ta, in jinin bai daskare ba, dafi ya shiga jini, a ba da maganin dafi. Kwalba da agogo ke nan, sai ido mai lura. Sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Kububuwa ta fi yawa a kwarin Binuwai da Gwangola. Mu a namu yankin an fi jin labarin kumurci da kasa, kuma dafinsu ba iri ɗaya yake aiki ba. Ga tambaya nan da ɗalibai biyu za su iya amsawa cikin wata biyu: wane suna mutane ke ba macijin da ya sare su, awa nawa suke yi kafin su iso, kuma me aka yi musu a hanya? An ɗaure? An tsaga? An manna baƙin dutse? Likitoci sun daɗe suna cewa ɗaurin nan mai tsanani da tsagawa ɓarna suke yi, ni ma da na taya ɗaure ƙafar kawu sai daga baya na sani. Amma mutane suna ɓoye abin da suka yi domin tsoron faɗa, kuma sai wanda ya iya tambaya ba tare da zargi ba ake gaya masa an biya ta wajen mai magani ko maɗori. Haka nan maganin feshi: manomi ba zai faɗi sunan da ke jikin kwalba ba, zai ce fiya-fiya ko wani laƙabi da 'yan kasuwa suka raɗa, alhali likita yana bukatar sanin ainihin sinadarin kafin ya zaɓi makari. Jerin laƙabin nan kaɗai, in an tara shi an liƙa a bangon sashen gaggawa, ya isa aikin hutu guda.

Na san akwai masu ja da wannan shawara, kuma ba duka hujjojinsu ne na banza ba. Za a ce yawancin ɗaliban likita a nan Hausawa ne. Gaskiya ne, ɗalibar da ta zo wa kawu ma Bahaushiya ce. Amma wanda ya yi karatu da Ingilishi tun daga nazare, Hausarsa ta gida da kasuwa ce, ba ta gona da ɗakin haihuwa ba. Za a ce sashen gaggawa wuri ne na rai da mutuwa, ba a son cunkoso. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, shi ya sa na ce mai tambaya ba ya matsowa sai likita ya ce an tsallake haɗari, kuma in majiyyaci ba ya cikin hayyacinsa a nemi waliyyinsa, in ya farfaɗo a sake tambayarsa shi da kansa. Hujjar da ta fi ba ni wuya ita ce ta sirri. Ɗan Kurmin Kogi da aka ajiye a Ikara zai ga matar maƙwabcinsa, zai ji abin da bai kamata ya ji ba. Maganin da na gani shi ne kada a kai ɗalibi ƙasarsu: ɗan Ikara a kai shi Hunƙuyi, ɗan Kudan a kai shi Ikara, kuma mata su tambayi mata. Sa'an nan ban manta ba cewa ba kowa ne Hausa ta wadatar ba. Akwai matan Fulani da ke zuwa daga ruga waɗanda sai da Fulatanci za su buɗe ciki, kuma wannan gurbi ne na masu nazarin Fulatanci, ba namu ba.

Ba zan rufe ido ga namu laifin ba. Shekara da shekaru muna rubuta kundin digiri a kan al'adun aure a gari kaza da tarihin makaɗi wane, har maganar ta zama maimaici, alhali ga fage a buɗe babu mai shiga. J. M. Dalziel, likita ne Bature, ya tara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa ya buga tun 1916. Bargery ya cusa sunayen cututtuka da yawa a ƙamusunsa na 1934. Lewis Wall ya rubuta littafi sukutum a kan maganin Hausawa a 1988. Malamanmu sun yi ƙoƙari wajen ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi, kamar ƙamusun da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990 don nazarin harshe da adabi. Amma ƙirƙirar kalma a ɗakin taro abu ne guda, jin kalmar da mai ciwo ke furtawa da tsakar dare kuma wani abu ne. Ina roƙon Sashenmu ya karɓi irin wannan aiki a matsayin aikin fage na kundin digiri, malami guda daga nan da likita guda daga can su duba shi tare, a kuma rubuta sunan ɗaliban duka biyu a kan rahoton. Kuɗin mota da na abinci ma a ba su, domin ɗalibin da ba a ba komai ba, ɗan mai hali ne kaɗai zai iya zuwa, shi kuwa sau da yawa shi ne wanda bai san ƙauye ba.

Saura abu guda, wanda kawu ne ya tuna mini da shi. Bayan ya warke ya koma gida, da ɗan ɗingishi, na zauna na warware masa abin da yarinyar nan take so, cewa ana tara labarin waɗanda igiya ta taɓa ne don a san inda za a ajiye maganin dafi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To ai da ta faɗi haka. In sun gama tarawa, wa zai zo ya gaya mana abin da suka gani?" Ban sami amsar da zan ba shi ba. Saboda haka nake ƙarawa da cewa kada a sa wa ɗalibi hannu a kan ya gama aikinsa sai ya rubuta sakamakon a shafi guda cikin Hausa, ya koma ya karanta shi a ƙofar gidan dagaci ko a harabar asibitin ran kasuwa, ya kuma tsaya ya amsa tambayoyin mutanen da ya yi wata biyu yana yi wa tambaya.